Lamarin Farfesa Aggarwal da kurkum: ambato dubu ɗari, takardu 30 da aka janye

In ka rubuta sunan Bharat Aggarwal a Google Scholar, shafin neman takardun bincike, abun da zaka gani sai ya baka mamaki wallahi. Takardun bincike sama da 600 ɗauke da sunansa, wasu daga ciki kowace ɗaya an ambace ta a takardun wasu masana sau dubbai, in aka haɗa gaba ɗaya ya wuce sau 100,000, kuma shekara da shekaru yana cikin jerin masanan da aka fi kafa hujja da aikinsu a duniya a fannin kumburi da garkuwar jiki. Toh wannan mutumin dai, mujallun kimiyya sun janye takardunsa wajen 30, yawanci sabida hotunan gwaji da aka maimaita ko aka yi wa kwaskwarima. Duka biyun sun faru, kuma abun ya shafe mu a nan Kumasi fiye da yadda muke tsammani, dan kafson kurkum da ake tallansa daga Kejetia har Aboabo da Sawaba, da muryoyin da ake turawa a WhatsApp wai yana maganin kansa da ciwon gwiwa da suga, in ka bi salsalarsu zaka tarar da yawa daga ɗakin gwajin wannan farfesan suka samo ƙarfi.

Ni a lab ɗin asibiti nake aiki, kumburi kuma abu ne da muke aunawa kullum. Likita ya turo takarda a yi CRP ko ESR, na biyun ma tsohon gwaji ne, ka zuba jini a dogon bututu siriri ka tsayar da shi awa ɗaya cif ka duba milimita nawa jajayen ƙwayoyin jinin suka sauka, in sun sauka da sauri toh akwai wani abu da ke ruruwa a jikin mutum. Kumburin da kowa ya sani shine na ƙurji ko targaɗe, waje ya yi ja ya yi zafi ya kumbura yana ciwo, wannan tun ƙarni na farko wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamomin nan huɗu, kuma shi wannan kumburin taimako ne, jiki ne ke yaƙi. Matsalar ita ce wanda baya mutuwa, yana ci a ciki shekara da shekaru, shine ke bayan amosanin gaɓɓai, yana da hannu a toshewar jijiyoyin zuciya, a rikicin sikila, har da wasu nau'in kansa. Shi yasa kuɗin bincike ke kwarara can, kuma duk wanda ya yi suna a fannin sai takardunsa su yi ta samun ambato.

Farkon aikin Aggarwal, tsakani da Allah, aiki ne na gaske kuma bai kamata a danne masa shi ba. Ɗan Indiya ne, ya yi digirinsa na uku a Berkeley a Amurka ya gama a 1977, ya shiga kamfanin Genentech a 1980. Kafin nan a 1975 tawagar Lloyd Old a New York ta gano cewa akwai wani sinadari a jinin ɓeraye da ke ruɓar da ƙarin kansa, suka sa masa suna TNF, amma ba wanda ya iya tace shi tsantsa ya karanta tsarinsa. Aggarwal da abokan aikinsa a Genentech ne suka yi wannan a tsakanin 1984 da 1985. Daga baya aka gane TNF ɗin nan babban ɗan aike ne na kumburi, Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka gwada toshe shi a jikin masu amosanin gaɓɓai a farkon shekarun 1990 abun ya yi aiki, magungunan toshe shi suka fito, infliximab ya samu izini a 1998, Humira a 2002, har sai da Humira ta yi cinikin sama da dala biliyan 20 a shekara ɗaya. Mutanen da yatsunsu suka fara karkacewa sun koma riƙe cokali da kansu. Duk wanda ya sa hannu a farkon wannan tafiya ya cancanci a ambace shi, ba gardama.

A 1989 ya koma cibiyar kansa ta MD Anderson a Houston, nan ne hankalinsa ya karkata ga kayan yaji. Akwai wani furotin a cikin ƙwayar halitta da ake kira NF-kB, Ranjan Sen da David Baltimore suka gano shi a 1986, in TNF ya taɓa ƙwayar halitta shi NF-kB ke shiga can tsakiya ya tada ƙwayoyin gado masu yawa da ke hura kumburi. A 1995 Aggarwal da wani abokin aikinsa suka fitar da takarda cewa kurkumin, sinadarin da ke ba kurkum launin rawaya, yana danne NF-kB. Daga nan aka samu hanya ɗaya da ake ta bi: a ɗauko sinadari daga wani tsiro, a zuba wa ƙwayoyin halitta da ake rainonsu a faranti, a ƙara TNF, a nuna NF-kB ya sauka, a rubuta takarda. An yi da sinadarin barkono, an yi da na 'ya'yan inabi, an yi da na habbatus sauda, sai ka ga lab ɗaya na fitar da takardu gommai a shekara.

Yanzu ya ake yi ambato ya taru haka? Ƙidayar ambato Eugene Garfield ne ya kafa ta, kundinsa ya fara fita a 1964, kuma asalin manufar ita ce mai bincike ya iya bin sawun wa ya yi magana a kan aikin wa. Sai a 2005 wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h, wanda in aka ce naka 20 ne ana nufin kana da takardu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Lamba ɗaya tak, mai sauƙin sawa a takardar neman aiki, shi yasa kwamitocin ƙarin girma suka rungume ta. Amma ita lambar bata tambayar me yasa aka ambace ka. Wanda ya ce aikinka ya buɗe min hanya da wanda ya ce na maimaita gwajinka ban samu komai ba, duk ɗaya-ɗaya ake rubuta maka. Sannan akwai takardun bita, waɗanda ba sabon gwaji a ciki, tattara abun da aka riga aka sani ne, su ne suka fi jan ambato sabida duk ɗalibin da ke rubuta gabatarwa yana buƙatar jimla ɗaya da zai jingina "kurkumin na rage kumburi" da ita, sai ya ɗauko wadda ta fito a saman shafi, wadda ta fito a sama kuma ita ce wadda aka fi ambata, shi kuma ya ƙara mata ɗaya, na bayansa ya zo ya tarar ta ƙara hawa. Aggarwal ya rubuta irin waɗannan da yawa, akwai ta 2003 a kan iyalin TNF, akwai ta 2007 a kan wahalar shigar kurkumin cikin jini, ko wacce an ambace ta sau dubbai. Da yawan masu ambaton ko buɗe takardar basu yi ba, taƙaitaccen bayanin farko kawai suka karanta, wannan duk wanda ya zauna da ɗalibai lokacin rubuta furojet ya sani.

Mu da muka yi makarantar ilmi a Zango wannan ba baƙon abu bane a wurinmu. Malamanmu sun koya mana cewa hadisi zai iya shahara a bakin mutane, kowane mai wa'azi na kawo shi, amma in aka bi isnadi a tarar da rauni, kuma yawan masu faɗa bai taɓa ɗaga shi zuwa ingantacce ba, sai an duba mutanen da ke cikin sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Ƙidayar ambato shahara take aunawa, ita kuwa duba isnadi wani aiki ne daban mai cin lokaci, kuma kusan ba wanda ake biya ya yi shi.

Waɗanda suka yi shi a wannan lamarin 'yan sa kai ne, masana da ke zama da dare suna ƙura wa hotuna ido. Irin hoton da ake magana shine na gwajin furotin, layuka ne baƙaƙe gajeru a jere, kowane layi na wakiltar samfuri guda, kaurinsa na nuna yawan furotin ɗin. In ka saba gani zaka san ba layuka biyu da ke fitowa iri ɗaya sak, kowanne da ɗan gefensa da ɗigonsa da dattin bayansa. Sai mutanen nan suka fara ganin layi ɗaya da ɗigonsa da komai ya fito a takardu biyu daban, a nan an ce gwajin wannan sinadari ne a can an ce na wancan, wani an juya shi wani an ja shi ya ƙara tsawo. A 2012 labari ya fito cewa MD Anderson ta fara bincike bayan hukumar tarayyar Amurka mai kula da gaskiyar bincike ta sanar da ita ƙorafe-ƙorafe a kan takardu da suka kai 65. Ya yi ritaya a ƙarshen 2015. A Fabrairun 2016 mujallar Biochemical Pharmacology ta janye bakwai a lokaci guda, wasu mujallun suka biyo baya cikin shekarun da suka biyo har adadin ya kai wajen 30, sunansa ya shiga jerin da Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin takardun da aka janye, ke ajiyewa na waɗanda aka fi janye wa takardu.

Anan ina so in yi adalci, dan lab babba ne, ɗalibai da masu neman ƙwarewa daga ƙasashe da yawa sun wuce ta ciki, kuma ba farfesa ne ke tsayawa da kansa yana haɗa kowane hoto ba. Amma a ka'idar fannin nan sunan ƙarshe a jerin marubuta shine shugaban lab, shi ke karɓar kuɗin bincike, shi ake gayyata taro, lambar ambaton a kansa take taruwa. Wanda ya karɓi wannan duka ya karɓi nauyin duba abun da ke fita da sunansa, ni a ganina ba hanyar raba su. Kuma mutum ɗaya ba zai iya duba ɗanyen sakamakon takardu gommai a shekara ba, yawan kansa ma ya isa ya sa kwamiti ya tsaya ya yi tambaya, amma a lokacin yawan shine abun yabo.

Abun da ya fi damuna shine bayan janyewa lambar bata sauka. Google Scholar baya cire ambaton da takarda ta tara sabida an janye ta, ma'aunin h na nan yadda yake, kuma kwafin takardar na asali wanda babu hatimin janyewa a kai na nan yana yawo a kwamfutocin mutane da gurup-gurup na ɗalibai. Takardun bita da suka ginu a kan waɗanda aka janye su kuma ba a taɓa su ba, suna nan ana ta ambato. Ga shi abun ba ƙarami bane yanzu, a 2023 kaɗai takardun da aka janye a duniya sun wuce 10,000.

Toh a bar batun hotuna ma, a ɗauka duka gwaje-gwajen farantin daidai ne, shin kurkumin magani ne? A 2017 wasu masana harhaɗa magunguna, Kathryn Nelson da abokan aikinta, suka fitar da dogon nazari a Journal of Medicinal Chemistry, suka nuna kurkumin na cikin sinadaran da ke yaudarar gwaji: yana da launi kuma yana ƙyalli, injinan lab da yawa kuwa da haske suke aunawa, yana manne wa furotin barkatai, yana rugujewa cikin mintuna a yanayi irin na jini, abun da ke isa jini in an sha ta baki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kenan zaka iya samun sakamako mai kyau a faranti a kusan kowace cuta ka gwada, shi yasa takardun suka yi yawa haka. Suka ce an yi gwaji a kan mutane sama da 120 kuma a lokacin basu ga wanda aka tsara da cikakkiyar ka'ida ya yi nasara ba. Masu goyon bayan kurkumin sun mayar da martani, gardamar bata mutu ba. Ko a MD Anderson ɗin ma an gwada shi a kan masu kansar pancreas, gaɓar ciki da ke fitar da insulin, sakamakon ya fito a 2008, mutum 25, gram 8 kullum, biyu ne aka ga wata alama a jikinsu, kuma ba rukunin da ba a ba shi ba da za a kwatanta da su.

Gwajin da ya fi burge ni ƙarami ne, an yi shi a Tasmaniya ta Ostireliya ya fito a 2020, mutum 70 masu ciwon gwiwa, rabi aka basu kafson kurkum rabi kafson da ba komai a ciki, na sati 12, ba mai shan da ya san wanne yake sha. Waɗanda suka sha kurkum ciwon ya ɗan ragu fiye da na ɗaya rukunin, wannan gaskiya ne, amma da aka ɗauki hoton gwiwar da na'urar MRI, ruwan da kumburin cikin gaɓar basu canza ba. Sauƙi kaɗan a ciwo, iyakar abun da aka iya nunawa kenan, kuma tsakaninsa da "yana maganin kansa" tafiya ce mai nisa sosai.

Wata goggona a Asawase gwiwa ta dame ta shekaru, tashi daga sujada ma sai ta dafa bango. Wani mai tallan magani a mota ya sayar mata da kafson kurkum mai haɗe da masoro, ya ce farfesoshin Amurka sun yi rubutu dubbai a kai, ta ajiye maganin asibitinta har da na hawan jini sabida wai wannan na wanke komai. Da ta nuna min robar na ce mata Goggo, kurkum a miya da shinkafa ki ci abunki ba wanda ya hana, amma wannan ba irin na miya bane. Ta ce "toh ɗana ai ganye ne, ganye na kashe mutum?" Na yi mata bayani cewa masoron da aka haɗa an sa shi ne dan ya hana hanta fitar da kurkumin da sauri, wani gwaji a Bangalore a 1998 ya nuna yana ninka shigarsa jini sau 20, kuma a Italiya a 2019 an samu mutane sama da 20 da ciwon hanta bayan shan irin wannan kafson har hukuma ta janye wasu daga kasuwa. Ta koma kan maganin hawan jininta, kafson dai sai da muka yi ta fama kafin ta yarda ta faɗa wa likitanta tana sha. Mai tallan bai san sunan Aggarwal ba na tabbata, amma maganar "rubutu dubbai" da ya yi ba ƙarya ya ƙirƙira ba, rubutun na nan da gaske, kuma shi yasa take da wuyar karyatawa a gaban tsohuwar da gwiwa ke hana ta barci.

Ta ɓangaren yaranmu na jami'a ma abun ya iso. Ɗiyar yayata ta yi furojet ɗinta na ƙarshe a kan wani ganye da ake cewa yana rage kumburi, irin gwajin da ake yi da 'yan tsaki masu kwana bakwai, a yi musu allurar wani sinadari a tafin ƙafa ya kumbura, a ba wasu ruwan ganyen wasu diclofenac wasu ba komai, a yi ta auna ƙafar awa bayan awa. Ta sha wahala a kai kuma aikin nata tsaf yake. Da ta kawo min in duba mata gabatarwa sai na ga sunan Aggarwal a wurare da yawa, muka zauna muka sa kowace takarda a PubMed, kundin takardun binciken lafiya, a nan in an janye takarda akwai jan gargaɗi a samanta, aka samu waɗanda aka janye a ciki. Ta ce "Kawu ni fa na zaɓe su ne sabida na ga su aka fi ambata", kuma haka aka koya mata, ba laifinta bane. Na sa mata Zotero, manhajar tara takardun da ake ambata, a kwamfutarta, kyauta ne kuma yana yi wa takardar da aka janye alama da kansa, na nuna mata PubPeer inda masana ke tona hotuna, kundin Retraction Watch ma tun 2023 an buɗe shi kyauta ga kowa.

Malaman jami'o'inmu na cikin matsi na gaske, ƙarin girma na tafiya da yawan takardu, kuɗin bugawa a manyan mujallu da dala ake biya albashi kuma da sidi, ga mujallun bogi da ke turo saƙo kullum suna cewa kawo mu buga maka cikin sati. Ga mu kuma ƙasa ce da binciken tsirrai ke da gindi, cibiyar Mampong Akuapem na nan tun 1975, jami'ar KNUST ta nan Kumasi na koyar da digirin maganin gargajiya tun 2001, dan haka hanyar nan ta zuba ruwan ganye a faranti a fitar da takarda tana da sauƙin bi a wurinmu, kuma zata iya cinye shekarun yaro mai basira ba tare da ta kai ga mara lafiya ko ɗaya ba. Tun 2012 masana suka fitar da sanarwar San Francisco da ake kira DORA suna roƙon a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Da ni ne a kwamitin ƙarin girma zan ce wa mai nema ya zaɓo takardunsa biyar da ya fi yarda da su, ya faɗa mana me ya yi da hannunsa a kowacce, wa ya maimaita gwajin a wani lab ya samu abu ɗaya, kuma ina ɗanyen hotunan.

A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai sabbin haihuwa a 1995 ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, ɗigon jini daga diddigen jariri, in an gano sai a fara bashi penisilin da wuri kafin cutar da ke kashe su da ƙuruciya ta same shi. Ambaton da takardun wannan aikin suka samu ko kusa bai kai na kurkumin ba, yaran farko da aka yi wa gwajin kuwa yanzu sun haura shekara 25, wasunsu suna zuwa lab ɗinmu a duba musu jini, wasu harda nasu 'ya'yan a hannu da za a yi wa irin gwajin.